Ilhama Kiranta Ake Yi: Nazarin Baiwa da Aikin Hannu a Ƙasar Adar

Wanda ya bar Tawa ya yi kudu, ya ratse daga wajen Badagishiri ya nufi Yama, hasumiyoyin masallacin Juma'a ne za su fara yi masa maraba tun bai kai bakin gari ba. Guda huɗu ne, kowace a kusurwarta, kuma babu wadda ta ɗauko kamannin 'yar'uwarta. Wata ta fi wata kauri, wata ta fi wata ado a ka. Ƙasa ce zalla, irin wadda awaki ke takawa a bayan gari, amma an kwaɓa ta an ɗaga ta sama har ta zama abin da baƙo zai tsaya ya riƙe baki.

Ranar da na fara ganinsu na tarar da wani dattijo a inuwar bango yana jan carbi. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, shi maginin nan ina ya ga irin wannan gini har ya yi shi?" Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ɗana, wagga baiwa ta. Allah ya gwada mishi."

Na yarda da maganar tsohon nan a ranar, har yau ma ban ƙaryata ta ba. Sai dai na daɗe ina juya ta a raina, domin ita ce amsar da ake ba mutum a ko'ina cikin Adar in ya tambayi asalin wani abu mai kyau, waƙa ce ko gini ko ƙira ko tatsuniya. Ana faɗinta da ladabi, kuma da zarar an faɗe ta an rufe bakin mai tambaya. Ni kuwa ina ganin akwai abin da ke bayan ƙofar da take rufewa, kuma Adarawa sun fi kowa sanin abin, ko da ba su cika faɗinsa ba.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fage ba. Baiwa ita ce abin da aka ba ka ba ka saya ba. Basira idon zuci ce. Gwaninta abin da hannu ya tara ne bayan shekaru. Ilhama kuwa, wadda muka aro daga Larabci, ita ce abin da ake jefa wa mutum a zuciya farat ɗaya, yana tafe ko yana kwance, ya ji baitin ya zo masa a ɗinke ko siffar ginin ta tsaya masa a ido. Malamai sun raba ta da wahayi, wanda ya keɓanta ga annabawa kuma ƙofarsa ta rufe. Sannan ga gado da haye: ɗan maƙeri da ya buɗe ido ya ga zuga-zugi, da wanda ya faɗo sana'a daga waje babu uba babu kaka a cikinta. Abin lura shi ne an fi jingina ilhama ga ɗan haye. Ɗan gado an ga inda ya koya. Ɗan haye ba a gani ba, don haka sai a nemo masa wani malami a ɓoye.

Malamin ɓoyen nan sau da yawa aljani ne. Alhaji Mamman Shata, wanda bai gaji kiɗa ba kuma ya rasu a 1999, har gobe akwai masu rantsuwa cewa ba shi kaɗai yake waƙa ba, saboda yadda yake ƙera waƙa nan take a gaban jama'a. A Zariya labarin baka na cewa Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19, da dare yake aikinsa, kuma kowa ya san abin da ake nufi in an ce mutum da dare yake gini. Ba mu kaɗai ke da wannan tunani ba. Larabawan jahiliyya sun ce kowane mawaƙi da shaiɗaninsa, sun kuma ba aljanun mazauni a wani kwari mai suna Abƙar, inda kalmarsu ta gwani na ƙarshe ta samo asali. Bayan zuwan Musulunci mafarki ya karɓi wurin. Duk wanda ya zauna a zauren Mauludi a Tawa ko Illela ya ji labarin Imam Busiri na Masar, wanda ciwon shanyewar jiki ya kwantar, ya yi wa Manzon Allah (SAW) yabo, ya gan shi a mafarki ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka da lafiya. Daga nan ƙasidar ta samu sunanta na Burda. Ba a cika ƙarawa da cewa Busiri ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubutu da auna baitoci kafin wannan dare ba.

A nan ne nake ganin Adar tana da abin koyar da mai nazari, kuma daga wurin da ba a zata ba. Ina nufin bori. Ba kiran kowa nake yi zuwa gare shi ba. Yawancin Adarawan yau sun bar shi, malamai kuma sun daɗe da faɗin hukuncinsa. Amma wanda ke son ya san yadda kakanninmu suka fahimci abin da ke sauko wa mutum daga waje, dole ya leƙa nan, domin babu inda aka tsara maganar dalla-dalla kamar nan. Wata Bafaranshiya mai binciken al'adu, Nicole Echard, ta yi shekaru tana zama da manoman Adar, ta kuma fitar da littafi a 1989 kan borin Adar da Kurfai. Abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen fage ya sani shi ne iska ba ta hawa haka kawai. Kowace da takenta, kowace da kirarinta. Sai mai goge ya zauna, masu ƙwarya sun kama, ya jawo taken wadda ake nema ya yi ta maimaita shi, wani lokaci har dare ya raba. In ya kuskure take, babu abin da zai zo. Shi ma dokin da za a hau ba daga kasuwa aka tsinto shi ba. An yi masa girka, an killace shi kwanaki, ya san tafiyar kowace iska da muryarta da tufafinta.

Dubi wannan da kyau. Mutanen da suka fi kowa gaskata cewa abin daga waje yake zuwa, su ne kuma suka kafa masa makaranta mai tsanani, da malamai da ɗalibai da ranar yaye. Ba su ga karo tsakanin biyun ba. A wurinsu abin da ke zuwa baƙo ne mai daraja, baƙo kuwa aika masa ake yi, a share ɗaki, a shimfiɗa tabarma.

Maƙeran Adar ma haka suka ɗauki narkar da tama. Echard ta ɗauki fim ɗinsu wanda ya fito a 1968, sunansa da Faransanci yana nufin auren wuta, saboda su maƙeran da harshen aure da ciki da haihuwa suke maganar tanderunsu. Ƙarfen da zai fito jariri ne, ba mai iya cewa ga yadda zai zo. Akwai tsarki da ake kiyayewa, akwai abin da ba a yi a kusa da wurin. Amma kafin a kai ga wannan jira, an san dutsen da ke da tama da wanda ba shi da ita, an san itacen da gawayinsa ke riƙe wuta, an san yumɓun da ba ya tsagewa. Sana'ar ta mutu da tarkacen motoci suka cika kasuwa, ilimin nan kuma ya bi masu shi kabari. Wannan rashi yana yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗi.

Mu koma Yama da wannan ido. A 1962 ne mutanen garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ɗora aikin a kan Falke Barmu, magini kuma manomi kamar kowa. Abin da ya gina da farko ba shi ne wanda duniya ta sani yau ba. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a jere da rufi shimfiɗaɗɗe, irin wanda za a iya samu a garuruwa da dama. Gari ne ya yi aikin: masu buga tubali, masu kai shi, mata masu jido ruwa, masu saro itace, wanda ba ya iya aiki ya kawo hatsi ko kuɗi. Shekara 13 aka yi ana salla a cikinsa. Sai a 1975, da rufin ya nemi gyara, Falke ya sake shi da baka, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Hasumiyoyin sun biyo baya ɗaya bayan ɗaya, ba a gama ba sai 1982. A 1986 aka ba masallacin kyautar Aga Khan ta gine-gine, a zagaye guda da aikin gyaran Masallacin Ƙudus.

Shekara 20 ke nan daga tubalin farko zuwa na ƙarshe. In Allah ya gwada masa, kamar yadda dattijon nan ya ce, to a hankali ya gwada masa, damina bayan damina. Ginin ƙasa ba ya barin mai shi ya manta da shi. Kowace shekara ruwa zai ci wani gefe, a dawo a yi yaɓe, a duba indararo, a ga inda bango ya yi ciki. Magini yana komawa kan aikinsa kamar yadda manomi ke komawa gona, kuma kowace komawa tana nuna masa abin da bai gani ba bara. Wanda ya zuba siminti ya tafi ba ya samun wannan darasi.

Akwai wani abu a rufin nan da ya fi hasumiyoyin burge ni, ko da yake ba shi baƙi ke ɗauka hoto ba. Maginan Kano da Zariya da azara suke ɗaure bakansu, wato tsagin giginya, mai ƙarfi wanda gara ba ta ci. Adar ƙasar duwatsu ce da fako da kwaruruka, giginya ba ta wadace ta ba, sayo azara daga nesa kuwa sai mai hali. Falke ya tara sanduna ƙanana ya ɗaure su dami-dami, ya lanƙwasa, ya binne su cikin laka, suka ba shi bakan da yake so. Ban san ranar da wannan dabara ta faɗo masa ba, ko a gona ko a kan sallaya, amma na san tambayar da ta daɗe tana cin sa kafin ta faɗo: yaya zan rufe fili mai faɗi da itacen da bai kai ba? Mutumin da ba ya ɗauke da wannan tambaya, ko dabarar ta zo ta wuce ta gabansa ba zai gane ta ba. Kowane Ba'adare ya ga an ɗaure kara an yi rumbu, ya ga an tanƙwara sanda an yi bukka. Mutum ɗaya ne ya ga masallaci a ciki.

Kada a ce na mayar da komai lissafi. Rashin azara ya bayyana mini baka, amma bai bayyana mini dalilin da ya sa hasumiya ta biyu ta ƙi bin ta farko ba. Da ya maimaita siffa ɗaya sau huɗu da ya huta, ba kuma wanda zai zarge shi. Wani abu ne a cikinsa ya ƙi yarda, abin da ba shi da suna a wurina in ba ilhama ba. Ina dai cewa ta same shi a kan tsani, hannunsa cikin laka, bayan ya yi shekaru yana kiranta da takenta.

Birnin Tawa kansa ya riƙe wani mutum irin wannan shekaru masu yawa, da yawa daga masu wucewa ta ƙofarsa ba su san ko wane ne ba. Mustafa Alasan, wanda ake rubuta sunansa Moustapha Alassane, an haife shi a 1942 a N'Dougou, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, amma a Tawa ya kafa gida da masauƙin baƙi, ya mayar da wasu ɗakunan wurin aikin fim. Yana cikin mutanen farko a Afirka ta kudu da Sahara da suka yi fim na zane mai motsi. Tun yana yaro, kafin ya san sinima, yakan yanka siffofi ya sa fitila a bayansu, inuwarsu ta yi wasa a kan ƙyalle, yara su taru. Ya yi kanikanci. Ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin mai fim ɗin zane Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da kuma Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, garin ya rikice.

Fim na biyun nan, duk da ba a Adar aka yi shi ba, kowane gida a Adar ya san labarinsa. Ƙasa ce ta masu tafiya biɗa. Da an ɗauke amfanin gona samari sun kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya, su dawo da rediyo da sabon yayi da wata irin tafiya da ba a san su da ita ba. Mustafa bai ƙirƙiro wannan ba, kallonsa ya yi har ya ga abin dariya da abin tsoro da ke ciki. Haka kuma fim ɗinsa Kokoa, inda ya sa kwaɗi da wasu ƙananan dabbobi na 'yar tsana suka shiga fage suna kokawa, da makaɗa da 'yan kallo. A Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma wanda ya zauna a garin ya san yadda fage ke ɗaukar hankalin kowa daga yaro har tsohuwa.

Sai dai mai son ya san nauyin ilhama a wannan sana'a ya tambayi yadda ake yin ta. Sinima tana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa. Mai 'yar tsana zai motsa hannun kwaɗo kaɗan, ya ɗauka, ya ƙara motsawa, ya ɗauka. Ko ya rage adadin zuwa rabi, minti ɗaya na neman hoto sama da 700. Tunanin sa kwaɗo kokawa yana iya zuwa cikin ƙiftawar ido ana shan shayi. Abin da ya rage watanni ne na zama a ɗaki cikin zafin Tawa, da waya da ƙyalle da katako, da gyaran na'urar da babu mai sayar da kayanta a kusa. Kanikancin da ya koya yana saurayi bai tashi a banza ba.

In aka yi arewa, inda Adar ke miƙa hannu ga Azawak wajen Abalak da Cintabaraden, labarin bai sauya ba sai dai harshe. Tende, kiɗan matan Buzaye, turmi ne aka ɗaure wa fata a baki. In an gama biki a kwance fatar ya koma daka. Matan Hausawa ma a bakin turmi da dutsen niƙa suka haifi waƙoƙin da ba a san adadinsu ba, lugude yana ba su kari, kishiya ko uwar miji ko ɗan da ya daɗe a biɗa yana ba su magana. Babu mai cewa waɗannan mata suna da aljani, domin ba a ɗauki abin da suke yi a bakin fasaha ba, alhali a wurinsu yawancin mawaƙan suka fara jin yadda ake sa magana ta hau kiɗa. Daga yankin nan na Abalak da Cintabaraden makaɗi Mdou Moctar ya fito, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, a gidan da ba a maraba da kiɗa. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran murya na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga wayar hannu zuwa wayar hannu a cikin Sahara kafin Turai da Amurka su san da shi. Wayar birki da sandunan Falke 'yan gida ɗaya ne.

To me ya sa muka fi son mu ce baiwa ce mu yi shiru? Akwai alheri a cikin maganar, kuma ba na so a yar da shi. Tana hana gwani girman kai, domin abin da aka ba ka ana iya karɓewa. Tana kare shi daga baki da hassada: in ya ce ba yinsa ba ne, ya rage masu jin haushinsa. Tana kuma mayar da fasaha amana, abin da gari ke da haƙƙi a ciki, shi ya sa magini zai yi wa masallaci aikin shekaru ba tare da ya yi ciniki irin na kasuwa ba. Wani lokaci kuma gwanin da kansa ne ke rura labarin aljanu, don asirin sana'a ya zauna a gida.

Amma tana da cuta, kuma cutar ce ta fi damuna yanzu. In baiwa ce kawai, to ba a biyan mai ita sai dai a yi masa kyauta, kyauta kuwa ganin dama ce. In baiwa ce kawai, babu abin koyarwa, don haka babu wanda zai zauna kusa da tsoho da takarda ko na'urar ɗaukar murya ya tambaye shi yaya ake yi. Na taɓa bin wani tsohon mai goge a wata unguwa ta Tawa ina so ya nuna mini yadda yake jera takensa. Ya yi murna har ya rasa inda zai sa ni, ya ce shekara da shekaru ana kiransa biki, ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba. Na yi masa alkawarin dawowa bayan damina. Ayyuka suka sha kaina, da na koma aka nuna mini ɗakinsa a rufe. Laifin nan nawa ne, ina kuma ɗauke da shi.

Tawa ta iya girmama sunaye. Gidan matasa da al'adu na garin yana ɗauke da sunan Albarka Cibau, mai tatsuniyar da muryarsa ta shiga gidajen Nijar ta rediyo. Gasar kiɗa ta ƙasa da aka fara tun shekarun 1980 tana ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa. Wannan abin yabo ne. Sai dai ina so a tambayi saurayin da ke shiga gidan nan ko ya san yadda Albarka ke jan labari, inda yake tsayawa ya bar mai sauraro a rataye, yadda yake sauya murya tsakanin Gizo da Ƙoƙi. Waɗannan abubuwa ne da ake iya saurara a warware a koya, kamar yadda 'yan amshin makaɗan fada ke zama da ubangidansu suna tisa waƙa kafin a kai ta gaban sarki. Na sha zama da samari masu sha'awar waƙa, wayoyinsu cike da kiɗan kwamfuta, suna ce mini suna jiran abin ya zo. Wasunsu suna da murya da kunne, har da abin faɗi. Abin da ba su da shi shi ne wanda zai gaya musu cewa mai goge ba ya jira hannu rabbana, yana jawo take ne tun iska ba ta da niyyar zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu da ya faru a Dandaji, a cikin jihar Tawa, ya sa ban yanke ƙauna ba. Garin yana da tsohon masallacin ƙasa wanda ya fito daga wannan makarantar gini ta Falke Barmu. Ya tsufa ya fara zubewa, jama'a kuma sun yi masa yawa, har ana maganar a rushe shi a yi na siminti. Mariam Isufu Kamara, mai zanen gine-gine wadda asalin gidansu nan ne, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci babba a gefe da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. An gama a 2018. Da aka zo gyaran, sai aka nemo maginan da suka yi aikin tun farko. Su suka san abin da ke cikin bangon, su suka san yadda aka ɗaure kowane baka. Masu digiri suka nuna musu abin da ake ƙara wa laka don ta jure ruwa, su kuma suka nuna abin da babu shi a takarda.

Yanzu yaran Dandaji, maza da mata, suna zama da littattafai a ƙarƙashin rufin da kakanninsu suka yi wa jidon ruwa. Wanda karatu ya gundura a cikinsu yakan ɗaga kai ya bi bakan da ido, daga inda ya tashi a jikin ginshiƙi zuwa inda ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, kuma har yanzu akwai tsofaffi a garin da za su iya gaya masa da me aka ɗaure shi in ya tambaya.